Takardar da Ƙanwar Mijina Ta So Ba Maki Tara

Yarona yana da sikila. Ɗan fari ne, shi ya sa ba na kiran sunansa, ko a baki ko a rubuce. Yaron kawai nake cewa, kowa a gidan ya san wanda nake nufi. Yana wata bakwai muka gane, ranar da hannayensa suka kumbura kamar an hura su, ya yini yana kukan da nono bai tsayar ba. Tun daga nan aikina ya koma dubansa. Da safe in ja fatar idonsa in ga ko ciki ya yi fari, in latsa tafin hannunsa, in shafa cikinsa ta hagu. Inna, uwar mijina, takan ce wata rana da kallo zan cinye yaron nan.

Likitan masu sikila ba a nan yake zaune ba. Daga Kaduna yake zuwa sau ɗaya a wata, ya yini a wani ƙaramin asibiti a cikin Birnin Gwari, ya juya. Ranar zuwansa kuma ba ta zama wuri ɗaya, hanya ce ke yanke ta. Ranar da motoci suka taru aka samu rakiya, ranar yake biyowa. Mu kuwa muna Tabanni. Kafin yaron ya isa gabansa sai na goya shi, na hau bayan mashin, mun bi ta gefen dajin nan da ba a hira a cikinsa. Ɗan acaɓa ma, mai surutu kamar rediyo, yana isa wurin yake haɗiye maganarsa. Ni kuma ina bayansa ina karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbatar addu'ar tafiya ba ce.

Ƙanwar mijina ce ta kawo mini ci gaba. Ta yi karatu a Zariya, tana aiki a Kaduna, a wani kamfani mai yin manhajojin waya. Ina kiranta Injiniya, tana kirana matar Yaya, kuma tun da aka kawo ni gidan ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Wani zuwa da ta yi ta karɓi wayata, ta yi ta danne-danne, ta miƙo mini tana ɗaga hanci.

"Aikinmu ne wannan," in ji ta. "Asibitinku ya fara amfani da shi. Kwana biyu kafin likita ya zo za ki ji saƙo. Murya ce, da Hausa, ba sai kin wahalar da ajinki huɗu na firamare ba. In kina da ƙorafi, danna nan ki yi magana."

Gaskiya wata uku abin ya yi aiki, har na fara yabonta a bayan idonta. A wata na huɗu muryar ta ce Laraba. Na yi sammako, na goya yaron, muka ratsa dajin, muka iso. Kan bencuna babu kowa sai wata akuya da ke kwance a inda muke bin layi. Matar da ke suyar awara a bakin ƙofar asibitin ta dube ni da goyona ta ce, "Ayya, 'yar nan, ai jiya ya zo." Nas ta ce tun mako guda aka dawo da ranar baya, kuma ita da hannunta ta shigar a kwamfuta. Ta ba ni ƙwayoyin da ake ba mu kullum. Amma abin da ya kawo ni, wato cikin yaron da nake jin ya fara tauri ta hagu, ta ce wannan sai likita.

Ina isa gida na danna inda aka ce in danna, na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Muryar ta ce, "Mun gode. An miƙa ƙorafinki ga mai alhakin wannan ɓangaren." Murya ce mai daɗi, irin ta macen da ba ta taɓa hawa mashin da goyo ba.

Wata na gaba ta ce Alhamis. Likita ya zo Talata. Mai awarar ta ce, "Ikon Allah, ke ce kuma? Ni fa tun Asabar na sani, nas ta ce in ƙara wake." Takaici bai bar ni na tsaya jin sauran ba. A makon nan sau huɗu na danna. Na farko da ladabi, na biyu da kuka, na uku da na huɗu da maganganun da ba zan rubuta ba. Duk ta gode mini. Ban taɓa ganin abin da ake zagi yana godiya ba sai ita.

Ana haka aka yi haihuwa a gidanmu, Injiniya ta zo suna. Na ajiye fushina saboda baƙi, kamar yadda ake ajiye tuwon da za a ɗumama. Washegari da hantsi na same ta a gindin mangwaron da ke bayan gidanmu, don nan ne kaɗai sabis ke tsayawa. Ta ɗora kwamfuta a cinya tana gyaɗa kai ita kaɗai. Na jawo kujera 'yar tsuguno da farantin gyaɗar da nake ɓarewa, yaron yana gefena yana wasa da ɓawo.

"Injiniya, ko a suna ma ba a hutawa? Me ake ƙerawa yau?"

"Ba za ki gane ba, matar Yaya."

"Gwada ni. Gyaɗar ma ba ta gane komai, ga shi ina ɓare ta."

Ta yi dariya, ta yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai ciwon kunne. Ta ce a wurinsu yanzu ba mutum ne ke fara karɓar ƙorafi ba. Akwai wasu 'yan aike na na'ura, masu abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Su ne ke saurare, su gano wane yanki na manhajar ne ya lalace, sannan su kai maganar ga mai kula da yankin. Don rubutun da ke tafiyar da manhajar yawa gare shi, mutane da dama suka yi shi, kowa da nasa. To suna da wani ɗan abin bincike: ka ba shi sunan wuri, ya faɗa maka mai wurin. Takardar da ke gabanta ita ce ke koya wa 'yan aiken yadda za su tambaye shi. An ba ta aikin duba ingancin takardar, ta ba ta maki cikin goma.

Na daina ɓarar gyaɗa. Ashe mai alhakin wannan ɓangaren da ake ta miƙa masa ƙorafina, ta wannan takardar ake neman gidansa.

"Nawa za ki ba ta?"

"Tara."

"Sannu da ƙoƙari. Me ta yi?"

Ta fara lissafa mini da yatsu. Tana da take. An raba ta kashi-kashi. Babu kuskuren rubutu. Akwai misali a ciki. An ma rubuta ranar da aka gyara ta.

"To ɗayan da kika hana ta fa?"

"Akwai wuri ɗaya da ba a sa aya ba."

Na ce mata a garinmu idan za a sayi randa, ba zanen bakinta ake dubawa ba, ruwa ake zubawa a ga ko tana yoyo. Na ce ta karanta mini takardar da Hausa.

"Ke da kika gudu daga aji huɗu?"

"Ba ni na gudu ba, malaman ne suka daina zuwa. Karanta."

Ta karanta tana juyawa. Farkon duk kirari ne: abin binciken yana da sauri, yana da sauƙi, yana rage wahala. Sai can ƙasa aka zo kan magana. "Domin sanin mai wani yanki, a ba da sunan wurin. Misali, a ba da sunan foldar saƙonni, za a samu sunan mai ita." Na tambaye ta mece ce folda. Ta ce kamar buhu ne, a cikinsa akwai ƙulle-ƙulle ƙanana, kowane da abin da ke ciki.

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? To idan aka je wurin mai buhun ya ce ba nasa ba ne fa?"

"Ba zai ce ba. Sunansa ne a kai."

"Idan ya ce fa?"

Ta ja takardar sama, ta ja ta ƙasa. "Ba a rubuta ba."

Nan na tuna ɗorawar Kutemeshi, na kuwa ba ta labarin ko da ba ta nema ba. A Kutemeshi aka haife ni. A tsakiyar gonar Babanmu akwai wata ƙatuwar ɗorawa, amma ba tamu ba ce. Ta wata tsohuwa ce Bagwariya, maƙwabciyarmu, wadda kakanta ya ba kakanmu ƙasar ya riƙe itacen. Haka ake yi a wajenmu, a ba ka gona, ɗorawa da kaɗanya su zauna a hannun masu su. Baba zai yi huɗa har gindinta, mu sha inuwarta, amma ko ƙwaya ɗaya ba ma tsinka. Ranar Lahadi idan tsohuwar ta taso daga coci takan biyo ta duba 'ya'yan, ta ba mu garin mu lasa, bakinmu ya yi rawaya.

Idan ɗorawa ta nuna, masu sayen kalwa don daddawa sukan shigo daga wasu garuruwa. Baƙo zai ga Baba a gonar ya ce, "Mai gona, nawa za ka sayar mini da na kan itacen nan?" Baba ba mai yawan magana ba ne. Sai ya ce, "Ba tawa ba ce," ya ci gaba da nomansa. Mara wayo ya ɗauka rowa ce ya tafi, wani ma ya dawo washegari ya sake tambayarsa, ya sake jin amsar jiya. Mai wayo kuwa zai ƙara kalma huɗu: "To ta wa ce?" Sai Baba ya nuna masa gidan tsohuwar da haɓa.

"Takardarki ta san mai gona," na ce mata. "Ba ta san ana samun ɗorawa a ciki ba."

"Matar Yaya, wannan kimiyya ce, ba gonar Babanku ba."

"To kimiyya, nemo mini ƙorafina. Biyar ne. Ina so in ga gidan da aka kai su."

Sai lokacin ta dube ni sosai. Ba ta san ma an yi ba, don mijina ya ce kada in dame ta da ƙananan maganganu tana aikin ofis. Na gaya mata Laraba da Alhamis, da akuyar, da dajin sau huɗu zuwa da dawowa. Na kamo hannunta na ɗora a kan cikin yaron ta hagu. Ta karɓi lambar wayata ta shigar.

Ga su nan kuwa, guda biyar, har da zagin an rubuta shi tsaf da baƙaƙen boko, ta karanta ta ce, "Kai, matar Yaya, ashe kin iya." Kuma ba ni kaɗai ba ce. A sama da nawa da ƙasa akwai na wasu mata, jerin ya fi allon kwamfutar tsawo, kowace tana cewa ta je ta tarar likita ya tafi.

Ta buɗe na farko. Ɗan aiken na'urar ba wawa ba ne, ya gane daidai cewa matsalar tana wani ɗan ƙulli mai riƙe da ranaku, wanda ke cikin buhun saƙonni. Sai ya je wurin abin binciken ya ba shi sunan buhun, yadda misalin ya nuna. Aka ba shi sunan wani mutum. Ya kai masa. Mutumin ya rubuta, "Ba nawa ba ne," ya rufe. Ɗan aiken ya rubuta a ƙasa, "An kammala." Ta buɗe na biyu, mutumin nan ne, amsar nan ce. Na uku haka. A na biyar ma gajiya ya yi, ya rubuta "Ba nawa" kawai, ya bar sauran.

"Ga Babanmu nan ya samu aiki a Kaduna," na ce. "Sai dai shi wannan ko haɓa ba ya da ita."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta shiga abin binciken da kanta. Maimakon sunan buhun, ta rubuta cikakken sunan ɗan ƙullin, tun daga buhu har ciki. Wani suna daban ya fito. Ta dafe kai.

"Wa ye?"

"Mace ce. Teburi biyu ne tsakaninmu. Tare muke cin abincin rana."

"Ba ta taɓa gaya miki ba?"

"Ita ma ba a taɓa gaya mata ba."

Wato abin binciken ya san mai ɗorawar tun tuni. Takardar ce ba ta koya wa ɗan aiken yadda zai tambaya ba. Misali ɗaya aka nuna masa, na buhu, shi kuwa ya riƙe shi gam. Na ce mata na san irinsa. Na koya wa yaron nan idan an gaishe shi ya ce lafiya lau. Yanzu ko ƙafarsa na masa ciwo yana hawaye, ka ce yaya jiki, lafiya lau zai ce maka. Laifin wa ke nan, shi ko ni?

Ta kira matar nan take, ta sa muryar a fili. Na ji matar tana salati. Ta ce ta gano: idan asibiti ya tura ranar gaba, ƙullinta yana ɗauka, amma idan aka dawo da ita baya, sai ya riƙe tsohuwar. Ta ce aikin yini ɗaya ne, da an gaya mata. Ta ce a ba ni haƙuri. Na ce a gaya mata na karɓa, amma ita ce ta farko a kamfanin nan da ba ta gode mini ba, kuma na ji daɗin haka.

Saura maki. Injiniya ta zauna tana kallon tarar da ta rubuta kamar za ta yi magana.

"Goge mana."

"Ba ki gane ba. Oga ne ya rubuta takardar da kansa."

Ashe nan gizon yake. Ayar da aka rasa ma da ƙyar ta iya ambata.

"In ba shi bakwai?" ta tambaye ni, ni mai aji huɗu.

"Kada ki ba shi komai. Ki ce kin gode, an miƙa makinsa ga mai alhakin wannan ɓangaren."

Inna tana daga bayan katanga tana jin mu ashe. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar boko, in tsoron ogan kike ji, ki ce uwarki ce ta ba da makin. Ya zo Tabanni ya same ni." Daga nan ta ɗauki yaron ta shige da shi ciki, wai rana ta fara taɓa shi.

Huɗu ta ba ta. Ta daɗe tana rubutu a ƙasa, ta karanta mini. A riƙa ba da cikakken sunan ƙulli, ba na buhu kaɗai ba. A ƙara misali na biyu, inda mai ƙulli daban yake da mai buhu. Idan wanda aka kai wa ya ce ba nasa ba ne, kada a rubuta an kammala, a tambaye shi na wane ne, in bai sani ba a kai wa mutum mai rai ya duba. Na ce ta ƙara cewa a daina gode wa wanda ke zagi. Ta ce wannan ba ɓangarenta ba ne. Na dube ta, ta dube ni, sai ta rufe fuska da mayafi.

Bayan ta koma Kaduna da kamar mako biyu ta kira ni tana murna. Oga bai yi fushi ba, a gaban kowa ma ya yabe ta. An gyara takardar. Na ce sunana yana ciki? Ta ce an rubuta cewa gyaran ya biyo bayan tattaunawa da masu amfani a karkara. Na ce to madalla, ni ce karkara. Ɗorawar ma ba a ambace ta ba.

Ranar wata Asabar muryar ta dawo, da daɗinta kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Ta ce Litinin. Na saurara sau uku. Mijina ya ce tunda an gyara ai sai tafiya. Na ce wancan karon ma ba a ce mini a lalace yake ba. Lahadi na yini ina taɓa cikin yaron ina sakewa, har ya fara ture hannuna. Litinin na goya shi. A cikin dajin ban roƙi komai ba sai abu biyu: mu wuce lafiya, kuma kada in ga akuyar nan.

Tun daga nesa na hango layi har waje. Ban taɓa murnar ganin layi ba sai ranar.

Likitan ya kwantar da yaron, ya latsa cikin, ya daɗe yana latsawa. Ya ce saifarsa ta kumbura, amma ba ta kai inda ake tsoro ba. Ya kama yatsuna ya nuna mini yadda zan auna daga ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce in ta wuce nan, ko idon ya yi fari fat, kada in jira kowace rana, in kawo shi asibiti ko wa na tarar. Ya ƙara mana wani magani. Sannan ya duba katin ya ɗaure fuska.

"Wata biyu ba ku zo ba. Ku iyayen nan, sai abu ya ɓaci ku zo kuna kuka."

Na buɗe baki zan fara masa da buhu da ƙulli da ɗorawar Kutemeshi. Na waiga na ga matan da ke bayana, kowace da goyonta, rana tana yi. Na ce, "A yi haƙuri, likita." Ya tambayi yaron yaya jiki. Yaron ya ce lafiya lau.

Da muka fito na tsaya wurin mai awara. Na sayi wadda ba na jin yunwarta, na ce, "Baba, ki ba ni lambar wayarki." Ta ce ba ta haddace ba, ta ciro wayar daga ƙullin zaninta ta miƙo mini, na kira kaina da ita.

Yanzu idan muryar ta faɗi rana, sai in fita gindin mangwaro in kira ta in ce, "Baba, yaushe za a ƙara wake?" Har yau dai bakinsu bai saɓa ba, ita da manhajar Injiniya. Ranar da ya saɓa, na san wadda zan bi.